Kafin a sake sayo bas-bas: abin da ya kamata ku sani game da kuɗin sufurin birnin Kano

Birnin Kano ba shi da motar gwamnati ta cikin gari wadda ma'aikaci ko ɗalibi zai tsara fitarsa a kanta. Kano Line tana nan, amma jigilarta tsakanin garuruwa ce. A cikin gari, mutum fiye da miliyan 4, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, sun rataya zirga-zirgarsu ta kullum a wuyan A Daidaita Sahu, abin hawa mai ƙafa uku da aka ƙera don ya ɗauki mutum uku a baya, mu kuma muka ƙara masa ɗaya ko biyu a gefen direba. Sai ragowar bas-bas hayis da suka tsufa, da tasi 'yan kaɗan, da ƙafa.

Ba tsara hakan aka yi ba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da A Daidaita Sahu wajen 2005, lokacin da Hisba ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, don a samar wa matan abin hawa. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Dubban matasan da suka sauka daga kan babur suka koma Sahu, fasinjojinsu suka bi su. Wato abin da aka kawo don ya toshe wata 'yar kafa shi ne ya wayi gari yana ɗauke da gari gaba ɗaya. Wanda ya ga yajin aikin 'yan Sahu na Fabrairun 2021, kan harajin naira 100 a kullum, da na Janairun 2022, kan kuɗin sabunta rajista, ya san abin da hakan ke nufi. Tituna sun cika da masu tafiya a ƙasa, ɗalibai sun rasa jarrabawa, masu rumfa a Kantin Kwari da Sabon Gari sun wuni ba ciniki, an riƙa ɗora mutane a kurkura da bayan akori-kura.

Duk lokacin da aka ta da maganar gyara, abu biyu ake ambata: a sayo bas, ko a shimfiɗa layin dogo. Dukansu an gwada, ko an yi yunƙuri. A 2016 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙulla yarjejeniyar jirgin ƙasa na cikin gari da kamfanin ƙasar Sin, a kan dala biliyan 1.85. A 2020 maganar ciyo bashin Yuro miliyan 684 don fara aikin ta jawo ce-ce-ku-ce, dattawa irin su marigayi Bashir Tofa suka fito suka ce ba su yarda ba. A ƙarshen 2022 kuma aka ƙaddamar da bas-bas 100 da tasi 50 na Kanawa, aka sanar da hana A Daidaita Sahu bin wasu manyan tituna, sai aka janye hanin cikin 'yan kwanaki da jama'a suka koka. Jama'a sun yi gaskiya da suka koka: an nemi a ɗauke musu abin da suke da shi kafin a tabbatar musu da madadinsa.

Wa ke biya yanzu

Akwai masu ganin cewa tunda 'yan kasuwa ne ke gudanar da sufurin Kano, ai ba a kashe wa kowa komai. Ana kashewa, sai dai daga aljihun mafi rauni ake cira. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ɗan Sahu ba shi da inda zai kai wannan ƙarin sai kan fasinja. Shi ma kafin ya kai gida da ko sisi, sai ya cire kuɗin mai, ya cire balas na mai abin hawa ko kason wanda ya ba shi bashi yana biya kashi-kashi, ya cire haraji da kuɗin ƙungiya, ya ajiye na bakanike da na juyen baƙin mai.

A yi wannan lissafin a matsayin misali kawai. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024. In mutum yana zaune a Rijiyar Lemo ko Mariri, wurin aikinsa yana cikin gari, zuwa da dawowa suna cin masa naira 1,000 a rana, to a kwanakin aiki 22 ya kashe 22,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin, bai biya kuɗin motar yara 'yan makaranta ba. Mai irin wannan lissafin shi ne ke rage zuwa aiki, ko ya taka rabin hanya a ƙasa, ko ya ce wa matarsa ta haƙura da awon ciki na wannan watan. Kuma wanda ya fi nisa da tsakiyar gari, saboda kuɗin haya ya kore shi, shi ne ya fi biya.

Akwai kuma abin da ake biya ba da kuɗi ba: awannin da ake ɓatawa a cunkoson Kurna ko na Bata, hayaƙin da ake shaƙa, haɗurra, da fargabar ƙwacen waya a cikin Sahu, wadda ta sa mata da yawa ba sa yarda su shiga in sun ga baƙuwar fuska a ciki bayan magariba.

Kuɗi iri biyu ne, kuma na biyun ake mantawa

Wannan shi ne ginshiƙin maganar, don haka bari mu ɗan daɗe a kai. Kowane tsarin sufuri yana buƙatar kuɗin kafawa da kuɗin gudanarwa. Kuɗin kafawa shi ne na sayen motoci, gina tashoshi da garejin gyara, shimfiɗa titi ko layin dogo. Sau ɗaya ake kashe shi, ana ganinsa da ido, ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto. Kuɗin gudanarwa shi ne na mai, albashin direba da kwandasta da bakanike, tayoyi, birki, batir, inshora, shara da tsaro a tasha, da ɗan abin da ake tarawa don sauya motar in ta tsufa. Wannan kullum ake kashe shi, ba ya ƙarewa, ba kuma wanda ke kiran 'yan jarida don ya nuna an sauya wa bas taya. Sayen doki bai taɓa zama abin wuya ba. Dawa da ciyawar kowace safiya su ne ke bayyana wanda zai iya riƙe shi.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, a mafi yawan manyan biranen duniya kuɗin da fasinja ke biya ba ya ɗaukar nauyin gudanarwa. A New York bai kai rabi ba. A Paris ma haka. Ba don ana sata ko sakaci ba ne kawai; yanayin aikin ne ya gaji haka. Bas ɗin da za a dogara da ita dole ta fito da asuba ko da rabinta babu kowa, ta yi aiki da tsakar rana lokacin da fasinja ya yi ƙaranci, ta je unguwar da ba riba. Ɗan kasuwa ba zai yi haka ba, kuma ba laifinsa ba ne. Shi ya sa direban hayis ke tsayawa a tasha har sai ta cika maƙil, kai kuma kana duba agogo.

In gwamnati ta sayo bas ta ce su ciyar da kansu daga kuɗin tikiti, kuma ta ƙayyade tikitin da araha don jama'a su ji daɗi, to ta riga ta rubuta ƙarshen labarin. Wata shida na farko komai sabo ne. Daga nan sai wata ta lalace, babu kuɗin kayan gyara, a ajiye ta a cire mata wani abu a sa wa 'yar'uwarta. Motocin da ke kan hanya su ragu, jira ya ƙaru, fasinja ya gaji ya koma Sahu, kuɗin shiga ya ƙara raguwa, a sake ajiye wasu. Duk wanda ya taɓa leƙa harabar hukumomin sufuri na jihohi ya ga gawarwakin bas jere a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Sai wata gwamnatin ta zo ta sayo sababbi da sabon fenti. Saboda haka in kun ji an ce za a sayo bas 200, tambayar farko ita ce nawa aka ware na tafiyar da su a shekara ta biyu da ta biyar, kuma daga wace kafa kuɗin zai riƙa fitowa.

Wani zai ce ai wannan ma tallafi ne, kuma a 2023 aka cire na mai. Tallafi ne, ba a ɓoye ba. Bambancin shi ne tallafin fetur ya fi amfanar mai motoci uku da janareto, wani kason ma yana tsallaka iyaka, shi kuwa tallafin bas sai wanda ya shiga bas ke cin sa. Kuma titin da mai mota ke bi, da gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, da ta Dangi, da ta Hotoro, da gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya, duk da kuɗin jama'a aka yi su, ba a taɓa cewa su mayar da kuɗinsu ba.

Bas ba ta da amfani a cikin cunkoso

Babbar bas ɗaya tana ɗaukar mutum 60 ko fiye, wato lodin A Daidaita Sahu goma sha wani abu, a filin da bai wuce na Sahu huɗu ko biyar ba. Amma in aka jefa ta cikin cunkoso ɗaya da kowa, Sahu ya fi ta, domin shi yana kurɗawa, yana sauke ka a bakin lungunku. Bas tana cin nasara ne kawai in an ware mata hannunta a titi, da shingen kankare, ba fenti kaɗai ba, ta yadda za ta wuce masu motoci suna tsaye suna kallonta. A birnin Kuritiba na Brazil aka fara wannan dabara a 1974, Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa ta a 2000, Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe nata a 2016.

Amfanin hannun bas bai tsaya ga sauri ba, yana rage kuɗin gudanarwa. Motar da za ta yi sawu shida a rana a cikin cunkoso tana iya yin goma in hanya a buɗe take, da direba ɗaya. Wato kankaren da aka jera a titi yana yin aikin da sai an sayo ƙarin motoci za a yi.

Kano ta dace da wannan tsari fiye da garuruwa da yawa, saboda yadda manyan titunanta suka taru zuwa tsakiya: titin Zariya daga Na'ibawa da Unguwa Uku, titin Katsina daga Dawanau da Kurna, titin Gwarzo daga sabuwar Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki, titin Haɗeja daga Yankaba, titin Maiduguri daga Mariri da Hotoro, sai hanyar Panshekara mai bi ta Sharaɗa. Yawancinsu tagwaye ne masu faɗi. Wahalar ba ta injiniya ba ce. Ware hannu ɗaya yana nufin a ƙwace shi daga masu motoci, da masu ajiye mota a gefen titi, da masu kasa kaya, kuma a hana jiniyar manya shiga. A nan ne ake gane ko da gaske ake.

Abin da Legas da Abuja suka nuna

Legas ta fara ne da hukuma. A 2002, zamanin da Tinubu ke gwamna, aka yi dokar kafa LAMATA, hukumar da aka ɗora wa tsara sufurin birnin gaba ɗaya, da tallafin Bankin Duniya, aka kuma buɗe mata asusu na musamman da wani kaso na kuɗin rajistar motoci ke shiga. Sai a Maris 2008, zamanin Babatunde Fashola, aka buɗe layin bas mai hannunsa na farko, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Waɗanda suka fara tuƙa shi 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW ne, da suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa suka karɓi bashin banki suka sayi bas 100. Daga baya aka kai layin Ikorodu, aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba a 2020. Jirgin ƙasa ya zo daga ƙarshe: layin shuɗi, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumban 2023, bayan fiye da shekara goma ana aikinsa, layin ja daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Da kati ɗaya, Cowry, ake biyan bas da jirgin ƙasa da na ruwa. Shi ya sa da aka cire tallafin mai, gwamnatin Legas ta iya rage rabin kuɗin tikiti a motocinta cikin Agustan 2023. Tana da hanyar da za ta isar da sauƙin kai tsaye ga fasinja. Kano ba ta da wannan hanyar ko da tana da niyya.

Kada a ɗauka Legas ta gama. Har yau ƙananan bas na haya, danfo, ne ke ɗaukar mafi yawan mutanenta, layin jiran bas da safe yana da tsawo, kuma hanin acaɓa da aka yi a can ya jefa dubban 'yan Arewa cikin rashin sana'a ba tare da an tanadar musu komai ba. Abin koyi a wurinta guda ne: hukumar ta rayu ta ratsa gwamnoni huɗu da tsari ɗaya.

Abuja ta bi ta ɗaya hanyar. An buɗe jirgin cikin garinta a Yulin 2018, bayan kashe sama da dala miliyan 800, mafi yawansu bashin ƙasar Sin. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, ɓarayi suka yi wa kayansa ɓarna, sai a Mayun 2024 aka sake ta da shi, har ana hawa kyauta. Matsalarsa ita ce layin bai bi ta inda cincirindon ma'aikata ke fitowa ba. Mutanen Nyanya da Mararaba da Masaka, waɗanda ke kwana a cunkoson hanyar Keffi, bai taɓa su ba, wasu tashoshin kuma an gina su nesa da gidaje. Bashi kuwa ba ya jiran fasinja. Ba ina cewa Kano ba ta cancanci jirgi ba. Gyaran tsarin mulki na 2023 ma ya ba jihohi ikon shimfiɗa layin dogo da kansu, kuma wata rana titin Katsina zai fi ƙarfin bas. Amma kuɗin kilomita ɗaya na jirgi yana shimfiɗa kilomitoci da yawa na hannun bas, kuma hannun bas ne zai nuna a zahiri inda fasinja yake kafin a ɗaure jikoki da bashi.

Ina kuɗin zai fito

Biranen da sufurinsu ya ɗore sun ɗaure shi ne da wata kafar kuɗin shiga da doka ta keɓe, wadda ba sai an je ana roƙon sa hannun gwamna kowane wata ba. A Faransa, tun 1971 aka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a yankin Paris wani kaso a kan jimillar albashin da suke biya. Yau duk mai ma'aikata 11 ko fiye yana biya, bisa hujjar cewa bas da jirgi ne ke kawo masa ma'aikatan. Landan ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari da mota a Fabrairun 2003, fam 5 a rana, New York ta bi sahu a Janairun 2025 da dala 9, kuɗin kuma yana tafiya ga sufurin jama'a. A Hong Kong kamfanin jirgin yana gina shaguna da gidaje a kan tashoshinsa yana cin haya.

Ba duka ne za su zauna a Kano ba. Harajin albashi ba zai tara abin kirki ba a garin da mafi yawan masu aiki ba su da takardar albashi, kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da kyar suke numfashi. Kuɗin shiga tsakiyar gari kuma bai kamata a ambace shi ba sai akwai madadin da mutum zai hau. Amma akwai kuɗin da tuni ake karɓa daga harkar sufuri: rajistar motoci da lasisi, tarar hukumar kula da tituna ta KAROTA, harajin 'yan Sahu na kullum, kuɗin tasha, kuɗin allunan talla a gefen titi. Ana iya yin doka a ce wani kaso tsayayye na waɗannan ya shiga asusun sufuri, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita. Ɗan Sahu da ke biyan haraji kowace safiya yana da haƙƙin ya ga abin da aka yi da shi. Sannan ga kuɗin ajiye mota a kewayen manyan kasuwanni, inda yanzu ake cinye rabin titi kyauta ko a ba wani yaro ɗari biyu ba rasit. Ga kuma filaye: duk inda aka kafa babbar tasha, darajar fili da shago tana tashi, kuma babu dalilin da zai sa ribar ta tafi gaba ɗaya ga wanda ya ji labari da wuri ya saye wurin. Hukuma na iya riƙe shagunan tasha ta riƙa karɓar haya.

Iskar gas da ake ta maganar mayar da motoci kanta tana iya rage kuɗin mai, musamman in bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya fara kawo gas. Rage kashewa ce, ba ta maye gurbin asusu.

Hukuma ɗaya ga gari ɗaya

Abin da muke kira birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma gari ya riga ya malala cikin Dawakin Tofa da Gezawa da Dawakin Kudu. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi tashoshin mota. Manyan titunan da suka shigo gari na gwamnatin tarayya ne. KAROTA, da aka kafa a 2012, aikinta kula da bin doka a titi. KNUPDA ke ba da izinin gini da tsara unguwanni. Ma'aikatar ayyuka ke gina gada. Babu wanda aikinsa shi ne ya zauna ya ƙirga mutum nawa ke tashi daga Bachirawa zuwa Sabon Gari ƙarfe bakwai na safe, ya ce ga yawan motocin da ake buƙata, ga kuɗin da ya dace. Shi ya sa ake yanka sabuwar unguwa ba a bar wurin tsayawar bas ba, a gina gada ba a bar wa mai ƙafa wurin tsallakawa ba.

Hukumar da ake buƙata ba sai ta mallaki mota ko ɗaya ba. Aikinta ta tsara layuka, ta tsayar da farashi, ta karɓi kuɗin tikiti ta hanyar kati, sannan ta ba kamfanoni ko ƙungiyoyin direbobi kwangila, ta biya su gwargwadon kilomitar da suka yi a kan lokaci. Wannan ɗan sauyin yana da girma. Direban da ake biya da kan fasinja dole ya yi tsere, ya tsaya a tsakiyar titi, ya yi lodi fiye da ƙima, ya ƙi tashi sai ta cika. Wanda ake biya da kilomita ba shi da dalilin yin ko ɗaya daga ciki. A cikin kwangilar ne kuma ake rubuta abubuwan da Kano ta damu da su: sashen mata, ƙofar da keken guragu zai shiga, rangwamen ɗalibai.

'Yan Sahu fa?

Duk gyaran da ya ɗauke su a matsayin matsalar da za a share zai faɗi, kuma ya cancanci faɗuwa. Bayan kowane Sahu akwai direban safe da na yamma, da mai shi, wanda sau da yawa ɗan fansho ne ko bazawara da ta zuba gadonta, da bakanike, da mai faci, da mai sayar da kayan gyara. A garin da aikin yi ya yi ƙaranci, wannan sana'a ce ke riƙe da gidaje masu ɗimbin yawa. Kuma babbar bas ba za ta taɓa shiga lungunan Kurna ko Ɗorayi ko cikin ganuwa ba. Aikin kwaso mutane daga unguwa zuwa bakin babban titi na Sahu ne, gajeren sawu mai yawa, ba tare da ƙona mai a cunkoso ba.

Dakar ta Sanagal ta nuna yadda ake shigo da masu tsofaffin motoci. Tun 2005 aka haɗa su ƙungiya-ƙungiya, kowa ya miƙa tsohuwar motarsa aka biya shi wani abu, ya ɗora nasa kason, aka ba shi sabuwa bashi, ƙungiyarsa kuma aka ba ta layi nata da tikiti da wuraren tsayawa. A Johannesburg masu tasi ne suka zama masu hannun jari a kamfanin da ya fara tafiyar da layin bas na Rea Vaya, wanda aka buɗe a 2009, bayan doguwar tattaunawa mai zafi. Ko'ina an sha wuya, kuma an ɗauki shekaru. Amma an fara ne da zama da su, da rajistar da ta nuna su wane ne masu abin hawa da direbobi na gaskiya, don kada ranar rabon hannun jari a ga sunayen 'yan siyasa da shugabannin ƙungiya kaɗai.

Inda muryar jama'a ke shiga

Gwamna yana kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokoki a ƙarshen kowace shekara, majalisa kuma tana zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta amince. Takardar kasafin ana wallafa ta, haka ma rahoton abin da aka kashe duk wata uku. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau, ƙungiyar ƙwadago, ɗaliban Bayero da sauran manyan makarantu, ƙungiyoyin mata da na masu buƙata ta musamman, da su kansu 'yan Sahu, duk buƙatarsu ɗaya ce a nan, sai dai kowa yana kukansa shi kaɗai a gidan rediyo. Mai duba kasafi ya nemi layin sufuri, ya raba shi biyu, na manyan ayyuka da na yau da kullum, ya kwatanta da abin da aka ware wa gadoji. Ya duba na bara, nawa aka rubuta, nawa aka saki. Ɗan majalisar mazaɓarku kuma a tambaye shi abu takamaimai: zai kawo ƙudurin kafa hukumar sufurin birni da asusunta, ko zai goyi bayan wanda ya kawo?

Buƙatar da ta fi saurin samuwa ita ce ta titi ɗaya. A zaɓi guda, na Katsina ko na Zariya, a ƙirga fasinjansa, a shinge hannun bas daga bakin gari zuwa tsakiya, a zuba motoci isassu yadda jira ba zai wuce minti biyar zuwa goma ba, a sa kuɗin gudanarwar shekara uku a cikin doka, a ba ƙungiyoyin da ke aiki a titin kwangilar farko. Kowane wata hukuma ta buga motoci nawa suka fito, mutum nawa suka hau, nawa aka tara, nawa aka cika daga asusu. Sai bas ta yi wata shida tana zuwa a kan lokaci kafin a ce wa ɗan Sahu ya bar babban titin ya koma ciyar da tashoshi.